KADA MU ZAUNAR DA TSOFAFFINMU: MOTSA JIKI DA GIGIN TSUFA

Darasi domin taron ƙungiyoyin manoma na ekklesiya

A karanta: Fitowa 20:12 da Joshuwa 14:6-13

Manufar darasi: mu gane abin da gigin tsufa yake, mu ga amfanin motsa jiki ga ƙwaƙwalwa da iyakar amfaninsa, mu kuma shirya abin da ƙungiyarmu za ta yi wa tsofaffinta.

GABATARWA

A garuruwanmu, in mutum ya tsufa, 'ya'yansa sukan karɓe fartanya daga hannunsa su ce, "Baba, ka yi naka, yanzu sai ka huta." Sukan shimfiɗa masa tabarma a inuwa, a kawo masa kunu da safe, tuwo da dare. In tsohuwa ta ɗauki tsintsiya, sai surukarta ta karɓe ta ce, "Inna, bari mana, me mutane za su ce?" Duk wannan ƙauna ce da girmamawa, ba wanda zai yi musu.

Amma bari mu tambayi kanmu. Me yakan sami tsohon nan bayan shekara biyu ko uku a kan tabarma? Sau da yawa ƙafafunsa sukan yi sanyi, barcin dare ya ƙi, magana ta ragu, mantuwa ta ƙaru. Sai mu ce tsufa ne. Lalle tsufa yana ciki, amma zaman da muka sa shi ma yana da nasa rabo. A darasin nan muna so mu nuna cewa barin tsoho ya ci gaba da tafiya da ɗan aiki daidai ƙarfinsa, shi ma girmama iyaye ne.

1. MENE NE GIGIN TSUFA?

Kowa yakan yi mantuwa. Mutum ya manta inda ya ajiye lauje, can da yamma ya tuna. Wannan ba cuta ba ce.

Gigin tsufa dabam yake. Likitoci suna kiransa dimenshiya. Cuta ce da take lalata ƙwaƙwalwa kaɗan kaɗan, cikin watanni da shekaru, har mutum ya kasa yin abubuwan da ya saba yi. Ga waɗansu alamunsa:

(a) Maimaita tambaya ɗaya sau da yawa a rana ɗaya.
(b) Ɓata hanya tsakanin gida da gona, ko gida da majami'a.
(c) Kasa ƙirga kuɗi a kasuwa, ga wanda dā gwanin ciniki ne.
(d) Ɓoye kaya, sa'an nan ya zargi mutanen gida da sata.
(e) Tashi da dare yana cewa zai tafi gida, alhali yana cikin gidansa.

Cututtuka da dama ne suke kawo shi. Babbarsu ita ce cutar Alzheimer, wadda ta sami sunanta daga wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, wanda ya fara bayyana ta a 1906. Ita ce sanadin kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu gigin tsufa. Ta biyunta ita ce lalacewar jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa, wadda hawan jini da shanyewar ɓarin jiki suke jawowa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2021 mutum miliyan 57 ne suke da gigin tsufa a duniya, fiye da kashi 60 cikin 100 kuwa suna ƙasashe marasa arziki da masu matsakaicin arziki. A ƙasarmu ma an ƙirga. Binciken da aka yi a Jos, aka buga a 2006, ya sami kimanin mutum 6 cikin 100 na masu shekara 65 zuwa sama suna da shi. Wanda aka yi a Zariya, aka buga a 2011, ya sami kusan 3 cikin 100. Watau ekklesiyar da take da tsofaffi hamsin, da wuya a rasa mutum ɗaya ko biyu a cikinsu.

Ku lura da abu biyu. Na fari, yawancin tsofaffi ba su kamuwa da shi, saboda haka ba dole ba ne ga kowane mai furfura. Na biyu, ba maita ba ce, ba sammu ba ne, ba kuwa hukuncin wani zunubi ba. Tsohuwar da aka tsinta a bakin hanya da asuba tana sambatu mara lafiya ce. In an tsare ta da tambaya za ta iya amsa kowane laifi, gama ba ta san abin da take faɗi ba. Abin kunya ne ga masu bi su sa hannu cikin jifa ko korar irin wannan.

2. YADDA ƘAFA TAKE TAIMAKON KAI

Nauyin ƙwaƙwalwa bai kai kilo ɗaya da rabi ba, kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ke nan. Duk da haka ita kaɗai take cin kusan kashi 20 cikin 100 na iskar da jini yake ɗauka. Ba ta da rumbun ajiya. Abin da jini ya kawo mata yanzu, shi take ci yanzu.

Masu lambu za su gane wannan da sauri. In hanyar ruwa ta cika da yashi, fangalin da yake can ƙarshe shi yake fara bushewa. Haka jijiyoyin jini suke. Hawan jini, ciwon sukari, taba da yawan kitse cikin jini sukan sa su ƙanƙance su yi tauri, sai sassan ƙwaƙwalwa su riƙa mutuwa da kaɗan kaɗan ba tare da mutum ya ji zafi ba.

Motsa jiki a kai a kai yana rage hawan jini. Yana taimakon jiki ya ƙone sukari. Yana ƙarfafa zuciya, ya gyara barci, ya rage baƙin ciki. Yana kuma sa jiki ya ƙara yin wani sinadari da masana suke kira BDNF, wanda aikinsa ga ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ya yi kama da aikin taki ga shuka. Bayan wannan, mai tafiya yana gaisawa da mutane, yana ganin gonaki, yana jin labarin gari. Duk wannan aiki ne ga ƙwaƙwalwa.

3. ABIN DA MASU BINCIKE SUKA GANO

Bari mu fara daga gida. A 1992 likitocin Jami'ar Ibadan, a ƙarƙashin Farfesa Benjamin Osuntokun, suka haɗa kai da na Jami'ar Indiyana ta Amurka, a ƙarƙashin Farfesa Hugh Hendrie. Suka auna tsofaffin Yarabawa a Ibadan da tsofaffin baƙar fata a birnin Indiyanafolis da gwaji iri ɗaya. A rahotonsu na 1995, kimanin mutum 2 cikin 100 ne suke da gigin tsufa a Ibadan, amma a Indiyanafolis 8 ne cikin 100. Sun kuma lura cewa hawan jini, ciwon sukari da kitsen jini ba su yi yawa a tsofaffin Ibadan kamar na Amurka ba. Daga baya suka ga cewa a Ibadan ɗin ma, masu hawan jini sun fi saurin kamuwa. Wannan ya nuna mana cewa irin zaman da mutum yake yi yana da hannu cikin maganar.

A Amurka, a 2011, an buga sakamakon wani gwaji da aka yi da tsofaffi 120 masu lafiya waɗanda ba su saba motsa jiki ba. Aka raba su biyu. Rabi suna tafiya da sauri har minti 40, sau uku a mako. Rabi kuwa miƙe gaɓoɓi kawai suke yi. Bayan shekara ɗaya aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu. Akwai wani ɗan sashe da ake kira hifokamfus, inda ake fara ajiye sabon abin da mutum ya ji ko ya gani, wanda yakan motse da tsufa. A wurin masu tafiya ya ƙaru da kimanin kashi 2 cikin 100. A wurin sauran ya ragu da fiye da kashi 1.

A ƙasar Finlan, a 2015, an ba da sakamakon gwajin mutum 1,260 masu shekara 60 zuwa 77 waɗanda suke cikin haɗarin kamuwa. Shekara biyu ana taimakon rabinsu da abu huɗu tare: motsa jiki, abinci mai kyau, wasa ƙwaƙwalwa, da lura da hawan jini. Sauran aka ba su shawara kawai. Waɗanda aka taimaka sun fi sauran cin gwajin tunani.

A 2024 wani kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya lissafta abu 14 da suke ƙara haɗarin gigin tsufa waɗanda ana iya gyarawa. Ya ce da za a kawar da su duka, da an hana ko an jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na cutar. Rashin motsa jiki yana cikinsu. Sauran sun haɗa da hawan jini, ciwon sukari, ƙiba, taba, yawan shan giya, rauni a kai, gurɓatacciyar iska, kurumta, raunin gani, baƙin ciki, kaɗaici, kitsen jini da ƙarancin karatu a ƙuruciya.

To, wanda cutar ta riga ta kama fa? A nan sai mu faɗi gaskiya, kada mu yi wa iyalai alkawarin banza. A Ingila, a 2018, an gwada mutum 494 masu gigin tsufa. Aka sa kashi biyu cikin uku motsa jiki mai ƙarfi na wata huɗu. Jikinsu ya ƙara ƙarfi, amma mantuwarsu ba ta ragu ba, har ma ta ɗan fi ta sauran. Motsa jiki ba ya warkar da gigin tsufa.

Amma yana da wani amfani. A Finlan, a 2013, an gwada mutum 210 masu cutar Alzheimer da suke zaune a gidajensu. Waɗanda aka riƙa taimaka musu su motsa jiki sau biyu a mako har shekara ɗaya sun fi daɗewa suna iya yi wa kansu hidima, faɗuwarsu kuma ta ragu. Duk wanda ya taɓa jinyar tsoho ya san darajar wannan. Tsohon da zai iya tashi da kansa ya je bayan gida ya riƙe mutuncinsa, ya kuma sauƙaƙa wa mai jinya. Wanda ya faɗi ya karye a ƙugu kuwa, sau da yawa ba ya ƙara tashi.

Taƙaitawa ke nan: kafin cuta, motsa jiki yana rage haɗari. Bayan cuta, yana kiyaye ƙafa da ƙarfin jiki.

4. "AI MU MANOMA NE, KULLUM MUNA AIKI"

Mun san wani zai faɗi haka a taron nan. Ga amsa uku.

Na ɗaya, aikinmu na damina ne. Daga shuka zuwa kaka muna wahala, amma daga an gama sussuka har ruwa ya sauko, maza da yawa zama suke yi a gindin bishiya ko a rumfar mai shayi. Wata biyar ko shida ke nan kowace shekara.

Na biyu, zamani ya canza. Inda iyayenmu suka je kasuwa da ƙafa, mu babur muke hawa. Injin niƙa ya maye dutsen niƙa, maganin feshi ya rage noma da fartanya. Ba mu ce a koma wahalar dā ba, gama waɗannan abubuwa sun hutar da mata da yara ƙwarai. Amma gishiri, mai da sukari sun ƙaru a abincinmu sa'ad da tafiya ta ragu, hawan jini kuwa ya shigo ƙauye.

Na uku, aikin ƙarfi ba hutu dabam yake da motsa jiki mai gyara lafiya. A ƙasar Denmak an bi maza fiye da 4,000 tun daga wajen 1970. Rahoton 2020 ya nuna cewa waɗanda suka yi shekaru suna aikin ƙarfi mai tsanani sun fi masu aikin zaune kamuwa da gigin tsufa. Saboda haka ba muna cewa a tura tsoho huɗa da tsakar rana ba. Abin da jiki yake so shi ne motsi matsakaici, kowace rana, rani da damina, tare da hutu. Ranar hutu da Allah ya ba mu tana da dalili.

5. NAWA NE YA ISA?

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ga masu shekara 65 zuwa sama ita ce minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako. Minti 30 a rana, kwana biyar, ya cika 150. Ana iya raba shi, minti 15 da safe, 15 da yamma. Ga yadda za a san matsakaici: mutum yana iya magana yana tafe, amma numfashinsa ba zai bar shi ya rera waƙa ba. Hukumar ta ƙara da cewa a ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako, a kuma yi abin da yake gyara tsayuwa kwana uku, domin hana faɗuwa. Wanda bai iya kaiwa haka ba, ya yi abin da ya iya. Kaɗan ya fi babu.

Ba a bukatar kuɗi ko wani kaya. Ga abin da za a iya yi a kowane gida:

(a) Tafiya: zuwa gona, zuwa sujada, zuwa gaishe da maƙwabta.
(b) Zama da tashi daga benci sau 5 zuwa 10, a hankali. In ya yiwu ba dafa hannu.
(c) Dafa bango a ɗaga dugadugai sau 10.
(d) Dafa bango a tsaya da ƙafa ɗaya, a ƙirga goma, a sake ƙafa.
(e) Ƙananan ayyuka: shara, ba kaji hatsi, kai wa awaki harawa, roron wake, tsinkar kuɓewa, ban ruwa da ƙaramin bokiti.
(f) Rawa da tafi a zumuntar mata da lokacin sujada.

6. IN TSOHONMU YA RIGA YA RUƊE

Abin da iyali da yawa suke yi shi ne su kulle shi a ɗaki, domin tsoron ɓata ko domin kunya. Kulle yakan ƙara masa fushi da tsoro, ya kashe masa ƙafa. Ga hanyar da ta fi:

Kada ya fita shi kaɗai. Wani ya raka shi, lokaci ɗaya kowace rana, hanya ɗaya wadda ya sani, nesa da rijiya, rafi da babban titi.

Kada a ce masa, "Zo ka motsa jiki." Ba zai ga dalili ba. A ce, "Baba, zo mu je mu duba awaki," ko "Kaka, taya ni ɓarar gyaɗan nan." A faɗi abu ɗaya a lokaci ɗaya, a nuna masa da hannu.

A ba shi aikin da hannunsa ya saba. Mutum yakan manta sunan jikansa amma hannunsa bai manta tufkar igiya ba. Haka kuma waƙoƙin da ya koya tun yana yaro sukan daɗe a kansa bayan sauran abubuwa sun tafi. In bai yi aikin daidai ba, kada a yi masa faɗa ko dariya. A gode masa, a gyara daga baya.

Masu wannan cuta da yawa sukan rikice daga la'asar zuwa magariba. Tafiya da hasken safe da rage barcin rana sukan taimaka su yi barci da dare.

In ya ƙi, kada a ja shi da ƙarfi. A bar shi, a sake gwadawa an jima.

A sanar da maƙwabta halin da yake ciki, a kuma ɗinka masa takarda mai sunansa da sunan ƙauye a aljihu.

7. GARGAƊI

A fita da sanyin safiya ko da yamma, musamman da bazara. Tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri, sai a ba shi ruwa ko bai roƙa ba. Ya sa takalmin da ya kama ƙafa, ya riƙe sanda in yana bukata. A fara da minti 5 ko 10, a riƙa ƙarawa mako mako. Mai ciwon zuciya, ko wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki, ya ga ma'aikacin lafiya tukuna.

A tsaya nan da nan in ya ji ciwon ƙirji, jiri, ko numfashi ya sarƙe, a kai shi asibiti.

Wani abu kuma mai muhimmanci. Gigin tsufa a hankali yake zuwa. In tsoho lafiyayye ya ruɗe farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, wata cuta ce dabam, kamar zazzaɓin cizon sauro, ciwon mafitsara, faɗuwar sukari ko shanyewar jiki. A kai shi asibiti a ranar. Ko mantuwar da ta zo a hankali ma, ya kamata likita ya duba, gama wani lokaci baƙin ciki ne, ko ƙarancin wani sinadarin abinci, ko ciwon maƙoƙo, waɗannan kuwa suna da magani.

8. ABIN DA ƘUNGIYARMU ZA TA IYA YI

Kalibu yana da shekara 85 sa'ad da ya zo wurin Joshuwa ya roƙi rabonsa na ƙasa a kan tuddai. Joshuwa bai ce masa ya je ya huta ba. Ya sa masa albarka ya ba shi Hebron. Ba kowane tsoho ne Kalibu ba, amma kowane tsoho yana da ɗan rabon da zai iya riƙewa. Muna ba da shawara kowace ƙungiya ta duba waɗannan:

1. Magatakarda ya rubuta sunayen tsofaffin ekklesiya da na unguwa, masu bi da waɗanda ba masu bi ba, a san wanda ya daina fita.
2. A ranar gayya a ware wa tsofaffi aiki marar nauyi a inuwa, kamar zaɓen iri da ɓarar masara. Kada a cire sunan kowa daga ƙungiya domin tsufa.
3. A bar wa kowane tsoho 'yan kunyoyi kusa da gida, nasa na kansa.
4. Matasa da zumuntar mata su raba kwanaki, kowa ya san ranar da zai raka wani tsoho tafiya. Wannan zai ba mai jinya awa ɗaya ta hutawa, gama yawanci mace ɗaya ce take ɗauke da nauyin duka.
5. Daga kuɗin ƙungiya a sayi na'urar awon jini, a roƙi ma'aikacin lafiya ya koya wa mutum biyu, a riƙa auna kowa a taron wata. Wanda nasa ya hau a tura shi asibiti, ya kuma riƙa shan magani ba fashi.
6. A taimaki masu yanar ido da masu raunin ji su ga likita. Wanda ba ya gani ba ya ji, zama zai yi.
7. Masu shekara 40 da 50 kada su ce wannan maganar tsofaffi ce. Lalacewar tana farawa shekaru da yawa kafin alama ta fito. Su rage gishiri, su bar taba da burukutu, su sa hular kwano a kan babur, su riƙa tafiya da rani.
8. Fasto da dattawa su yi magana a fili a kan zargin maita, tun kafin wani abu ya faru.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Mene ne bambancin mantuwa ta kullum da gigin tsufa?
2. Su wane ne a garinmu suka daina fita cikin shekara biyu da suka wuce? Me ya hana su?
3. In maƙwabta suka ce mun bar iyayenmu suna aiki domin rashin tausayi, wace amsa za mu ba su?
4. Wane amfani motsa jiki yake yi wa wanda cutar ta riga ta kama, wanne ne kuma ba ya yi?
5. Cikin shawarwari takwas na sama, wanne za mu fara kafin taro mai zuwa, wa zai ɗauki nauyinsa?

Shugaba ya sa a rubuta amsar tambaya ta biyar a littafin ƙungiya, a karanta ta a farkon taro na gaba. A rufe da addu'a domin tsofaffi da masu jinyarsu, ana kiran sunayensu ɗaya ɗaya.